Soron da Na Ce Na Yaɓe

Da ana mayar da magana ciki bayan ta fita, kalma biyu kawai zan mayar a duk tsawon rayuwata. Ƙanena Mukhtari ya tambaye ni ko an yaɓe saman shagon da yake kwana, na ce masa, "An yaɓe." Ba a yaɓe ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, kuma ban buɗe baki a kan maganar ba sai a makon nan.

Markar bana ce ta tono mini ita. Kwana huɗu ruwa yana zuba a cikin birnin Zariya, ina zaune a ɗaki ina jin sa a kan kwano kamar ana watsa tsakuwa a faranti. Gidanmu na Ƙofar Gayan yanzu bulo ne da siminti, jikokina ba su san tsoron ruwa ba, sai dai su ce ya hana su fita. A da kuwa ruwa ba ya ƙara a kan soro. Shiru yake sauka, ƙasa ta yi ta sha, kai kuma kana ciki kana ɗaga kai kana duba azara.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Ina aji biyu a sakandare ya rasu, na ajiye littafi na ɗauki allura da fartanya, ɗinkin babbar riga da rani, gona da damina. Mukhtari ya ci gaba. Ya gama digiri a fannin fiziks, ya koma neman na gaba. A waje ina alfahari da shi, kowa ya sani. A ciki kuwa akwai abin da ke cizona, wanda a lokacin ban yarda in kira sunansa ba.

Shekarar da abin ya faru ta zo mana a karkace tun daga kaka. Ruwa ya ɗauke dawa tana fitar da kai, abin da muka girbe bai kai rabin na kullum ba. Inna, mahaifiyarmu, ita ke ɗiban hatsi, tun watan sanyi ta rage awo. Kunu da safe, tsinkakke har kana hango gindin kwano. Da rana kowa ya yi ta kansa. Da yamma tuwo malmala ɗaya-ɗaya da miyar kuka lami.

Sai bazara ta shigo. Tun hantsi katanga take zafi kamar tanda, ƙadangaru ma sukan sauka su bar ta. Rijiyarmu ta tsakar gida ta ja ƙasa, guga ya je ya dawo rabi laka. Matata Asabe takan bar ruwan a randa ya kwanta kafin a sha. Ɗinki ma ya gagara, gumi na sauka a kan zare, allura na sulɓewa daga yatsa.

Mukhtari yana kwana a shagon da ke jikin zaure, wani ɗan ƙaramin soro da mahaifinmu ya gina. A nan yake ajiye aikinsa, don a jami'a ba shi da wurin ajiya mai kulle. Kwali uku ne cike da littattafan rubutu, duk an rubuta su da alƙalamin tawada, da dogayen takardu da yake zana tudu da kwari a kansu. Kwafi ɗaya ne. A lokacin babu wayar da za ka ɗauki hoton takarda da ita.

Wata rana da azahar zafi ya koro shi waje. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar katangar da muka jera tukwanen tantabaru a jikinta, kusa da inda nake ɗinki.

Na ce, "Farfesa, wai shekara biyu me kake ƙirgawa ne? Hatsin da ba mu da shi?"

Ya yi dariya. "Gurabe nake ƙirgawa, Yaya."

"Guraben aiki? To ka sa da ni."

"Mu a can density of states muke ce masa. Tsaya ka gani." Ya nuna katanga da alƙalami. "A cikin kowane abu, ƙarfe ko gilashi ko dutse, akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, ilektiron. In sun motsa, su ne wutar lantarki. Amma ba sa zama inda suka ga dama, sai a gurbi, kamar tukwanen nan. Kuma kowace tukunya biyu take ɗauka, ba na uku."

"Mace da namiji."

"Ka ce haka ɗin. To tukwanen jere suke layi-layi daga ƙasa zuwa sama, kowane layi sai da ƙarin ƙarfi ake hawansa. Wani layin tukwanensa da yawa, wani kaɗan. Yawan tukwane a kowane layi, shi muke nema. Su kuma tantabarun nawa ragwaye ne, daga ƙasa suke fara cikawa."

Na ce lalle ba na Zariya ba ne, namu kan zankon soro suke wuni.

"A wayar tagulla, daidai inda cikar ta tsaya, ga tukwane fanko birjik a kusa. Ka ɗan kora su, sai su yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan, wuta ta wuce. A gilashi kuwa layi ya cika maƙil, daga nan sai katanga sumul, ba tukunya ko ɗaya sai can sama da nisa. Ba inda za su. Shi ya sa wuta ba ta bi ta gilashi."

Inna tana gefe tana tsinkar zogale, ta ce, "Ni dai tantabara na ji. A yanka ɗaya mu ga nama."

Aikin Mukhtari kuwa a kan wani abu ne da ake shafa wa gilashi siriri, ya sha rana ya ba da wuta. Shi ma yana da wannan fili sumul, sai dai ƙarami ne, kuma a cikin filin akwai 'yan tukwane jefi-jefi da bai kamata a same su ba. Tantabara ta faɗa ciki ta maƙale, wuta ta ragu. Su yake ƙirgawa, layi bayan layi. Yakan haska abin da fitila a ɗakin gwaji, ya sanyaya shi, ya ɗumama shi, ya karanta allurar wani inji ya rubuta. Injin ɗaya ne tak a sashensu, tsoho, layi ake bi. Malamin da ke duba aikin baƙo ne daga wata ƙasa, kuma ƙarshen shekara zai koma gida. Duk wannan Mukhtari ya faɗa mini da bakinsa. Ba zan ce ban san abin da ke cikin kwalayen nan ba.

A gidan soro, kafin ruwan fari dole a yi yaɓe. A haƙo jar ƙasa a farfasa, a zuba yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a jiƙa a taka da ƙafa, a bar ta ta ruɓa kwanaki, a sake takawa. Sannan a kafa tsani a hau, a toshe tsaga, a gyara gindin indararo, a bi da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. A gidanmu akwai ƙa'ida tun kakanni: da ɗakin babba ake farawa a sauko, kuma duk namijin da ke da ɗaki sai ƙafarsa ta shiga ƙasar.

Matsalar shekarar nan ruwa ne. Ƙasar gini shan ruwa gare ta kamar raƙumi, ga kududdufin unguwa ya janye sai ɗan kore a tsakiya, sai an ratsa laka har gwiwa. Ni da maƙwabta biyu muka haɗa gayya, yau gidana gobe naka, garwa biyu a sanda muna jigila har rana ta kore mu. Kunun safe ba ya kai mu hantsi. Akwai ranar da na sauke garwa na zauna a gindin ganuwa don ƙasa na juya mini.

Mukhtari ba ya nan. Layin injin ya zo kansa a makonnin, yana kwana can wurin abokinsa. Masu wucewa suna cewa, "Habu, sannu da ƙoƙari. Ina ɗan bokon naku?" Kowace tambaya sai in ji ta kamar na taka ƙaya.

Baba Tanko magini, abokin mahaifinmu, shi ke duba mana soraye duk shekara. Ya hau ya zagaya, ya tsaya a kan shago ya buga da diddige.

"Habu, hawo ka ji. Ka ji yana amsawa kamar ganga? Gara ta ci azara biyu, ga tsaga a gindin indararo har hannuna na shiga. Da wannan za a fara."

"Baba, ɗakin Inna ne farko."

"Ɗakin Inna zai kai baɗi. Ƙa'ida ba ta tare ruwa, ɗan nan."

Na ce, "Mai ɗakin ya zo ya taka."

Ya dube ni, ya sauko.

Muka yi na Inna, muka yi nawa, muka yi madafa. Ranar wata Asabar sai ga Mukhtari, idanu sun faɗa. Ko ciki bai shiga ba ya naɗe wando ya faɗa cikin ƙasar yaɓe. Ƙafar da ta saba da takalmi ce, kafin la'asar tsakuwa ta yanyanka masa tafi, yana takawa jini na bin laka. Ya kuma ɗauki garwa ya yi sawu shida. Da zai tafi ya ce, "Yaya, ga tawa na taka. In ta ruɓa a taimaka mini, ba zan samu dawowa da wuri ba."

Na ce ya je abinsa.

Ƙasar nan ita ce ta ƙarshe, bayanta kududdufi ya ƙafe. Aiki biyu suka rage, saman shago da fuskar zaure wadda ta zaizaye har tubali ya fito. Ba za ta ishi biyun ba. Saman shago ba mai ganinsa sai shirwa. Fuskar zaure kuwa duk mai wucewa masallaci zai gani, ya san ko gidan marigayi yana da mai riƙo. Na kwashe ƙasar da ƙanena ya taka na yaɓe fuskar zaure, har na yi mata zane da yatsa. Aka yi ta yabawa. Na ce wa raina in ruwan fari ya sauka zan kwaɓa wata.

Bayan mako biyu ya dawo da sababbin littattafai biyu cike da rubutu. A zaure ya same ni. Ya yaba zanen, sannan ya ce, "Yaya, nawa fa, an yaɓe?"

Na ce, "An yaɓe."

"Allah ya saka da alheri. Da har na yi niyyar kai kwalayen nan ɗakin Inna."

Bai hau ya duba ba. Wa zai kafa tsani ya duba maganar yayansa?

Ruwan fari ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, kwaɗi suka fara. Na so in rubuta cewa na manta, amma kada in ƙara wata ƙaryar. Ban manta ba. Gona ce ta kira, shuka, noman firi, maimai, kuma wanda ya rasa kaka ɗaya ba ya wasa da ta biyu. Kullum in zan fita sai in ɗaga kai in dubi indararon shago in ce gobe. Har ciyawa ta tsiro a tsagar ina gani.

Rumbu ya kai ƙasa. Asabe ta shiga da tsintsiya ta sharo abin da ya rage. Muka koma tafasa da rama da zogale, a kwaɗa da ɗan ƙuliƙuli, wata ran da gishiri kawai. Masara ta yi goyo amma ba ta nuna ba, kana kallonta tana kallonka. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya fi wuta yawa, idon Inna kullum ja.

Sai marka ta zo. Ba ruwa mai tsawa da iska ba ne wanda zai zo ya wuce. Wani yayyafi ne mai nauyi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, sama kamar toka. Kwana na farko soraye suka sha. Na biyu katangu suka yi duhu daga sama zuwa rabi, tabarma ta fara wari. Na uku aka fara jin labari, katangar wane ta zube, rumbun wane ya zauna. Mukhtari yana jami'a yana ƙarasa awon ƙarshe.

Da safen kwana na huɗu Inna ta kira ni.

"Habu, na ji ɗiga a shagon yaron nan. Mabuɗi na wurinka. Ka kwaso masa takardunsa ka kawo nan."

"Inna, ai sabon yaɓe sai ya ɗan yi gumi."

Har ita na yi wa ƙarya. Na je na buɗe na leƙa. Ruwa na bin azara yana ɗiga a tsakiyar ɗaki, nesa da kwalaye. In na kwashe su, Mukhtari zai dawo ya tambayi dalili, daga nan sai an hau sama. Wannan tunanin na yi a tsaye a bakin ƙofa, bai fi numfashi uku ba. Na tara daro, na kulle, na tafi gona buɗe wa ruwa hanya don ya kwanta a cikin dawa.

Da la'asar ina dawowa na hango mutane a ƙofar gidanmu da fartanyoyi da kwanduna. Fuskar zaure na nan da zanenta. Shago kuwa ya zama rami. Asabe ta ce ba ƙara ya yi ba, wani nishi ne kamar saniya ta kwanta.

Muka yi ta tono cikin ruwa. Baba Tanko na cikin masu tonon. Ya ɗago wani guntun rufi ya juya shi, ga tsohon yaɓe da ciyawa a jikinsa. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba, kuma bai sake hawa soronmu ba.

Kwalayen sun narke. Littattafan sun zama curi-curi kamar tubali. Inda muka iya ɓare shafi, tawada ta bi ruwa, shuɗi ya gauraya da ja. Inna da Asabe suka jera su a kan faifai da murafan tukwane a gefen murhu, suka hura jiƙaƙƙen itacen da za a dafa tafasa da shi. Ranar ba wanda ya ci komai. Rana ba ta leƙo ba sai bayan kwana uku, lokacin sun riga sun yi funfuna.

Washegarin ruftawar Mukhtari ya iso, a jiƙe, da littafi ɗaya cikin leda a ƙarƙashin riga. Ya tsaya a kan tarin ƙasar ya daɗe. Sannan ya shiga madafa ya tsuguna yana ɗaga shafi ɗaya-ɗaya yana mayarwa. Na tsaya a bayansa ina jira ya tambaye ni. Da ya tambaya, wataƙila da na faɗa.

Sai ya ce, "Yaya, kada ka sa a ranka. Kai ka yi naka, ka yaɓe. Abin da Allah ya rubuta ne. Alhamdu lillahi da ba kowa a ciki."

Shi ne yake ba ni haƙuri.

Ya gwada sakewa. Wata biyu da komawarsa injin ya lalace, kayan gyaransa sai daga waje, ba su zo ba. Malaminsa ya jira iya jiransa ya tafi. Littafi ɗaya ba ya zama digiri. Mukhtari ya karɓi koyarwa a wata sakandaren ƙauye, can ya yi shekarunsa har ya yi ritaya. Kakar shekarar kuwa ta yi kyau, rumbu ya cika har muka ba maƙwabta, amma ni tuwon bai zauna mini ba.

Duk Sallah yakan zo ya durƙusa ya gaishe ni. Bai sake yi mini maganar gurabe ba, ni ma ban sake ce masa Farfesa ba. Yanzu saman gidajen unguwarmu duk allunan hasken rana ne, in zan wuce nakan kau da kai. Ban ce shi ne zai ƙera su ba, wannan ban sani ba. Na dai san bai samu ya ga iyakar ƙoƙarinsa ba, kuma ni na tare.

Sau nawa na shirya maganar? Bayan jana'izar Inna na shirya. Ranar auren 'yarsa na shirya. Da zan tafi aikin Hajji, lokacin da ake bin dangi ana neman gafara, na riƙe hannunsa na ce ya yafe mini abin da na sani da wanda ban sani ba. Ya ce ya yafe, yana dariya. Amma na san wannan yafiyar ba ta hau kan abin da na ɓoye ba.

Jiya da hantsi ruwa ya ɗan tsagaita, na tafi Gyallesu gidan 'yarsa Maryam, inda yake zaune tun da ciwon mantuwa ya kama shi. Ta tare ni a ƙofa ta ce, "Baffa, yau da sauƙi. Ya ci abinci, har yana hira."

Na same shi a kujera a baranda, fes da shi, da hularsa. Na zauna a ƙasa, abin da ban taɓa yi a gabansa ba. Na faɗa masa duka, gargaɗin Baba Tanko, ƙasar da ya taka, fuskar zaure, daron da na tara. Ya saurara sosai yana gyaɗa kai kamar yadda malami ke yi wa ɗalibi. Da na gama na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Allah Sarki. Malam, wannan abu da nauyi yake. Amma ai ba ni zan yafe ba, haƙƙin mai shi ne. Shi ƙanen naka yana raye?"

Na ce yana raye.

"To me kake jira? Tashi ka je ka faɗa masa yau." Ya waiwaya ciki ya ɗaga murya. "Ke, a kawo wa baƙo ruwa."

Na sha ruwan, na yi sallama, ya ce in gaida mutanen gida.

Ba ni da sauran inda zan kai maganar nan, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba tausayi nake nema ba. Roƙona ɗaya ne ga wanda ya karanta. In akwai wanda ka faɗa wa abin da ba haka ba, ya yarda da kai ya ɗora rayuwarsa a kai, ka ajiye takardar nan ka je ka same shi tun yana gane fuskarka. Don Allah kada ka biyo sawuna.